Damin da Inna ke kaiwa gidan su Sani

Shekara huɗu ke nan da aka binne Sani a ƙasar Maleshiya, ban ga fuskarsa ba. Korona ce ta ɗauke shi. Wasu mutane cikin fararen kaya tun daga ka har ƙafa suka fito da shi daga asibiti, suka yi masa taimama ta saman leda, suka sa shi a rami. Ni da matarsa Hauwa muna tsaye can bayan igiya. Ban yi kuka ba. Na binne miji da 'ya'ya biyu tun a gida, idona ya riga ya bushe.

Sani ƙanena ne na nono. Mahaifiyarsa ta rasu wurin haihuwarsa, aka kawo wa Innata shi, muka sha tare. Ban da nonon nan ba mu haɗa komai ba. Shi jinin Malam Buba ne, wanda ya taso daga gabas da shanu da bayi, ya sari daji a kudancin Kano, ya kafa gida. Haka ake faɗa, wai ya sari daji. Gatarin dai a hannun kakan Inna yake, wani bawa da aka sa wa suna Nasamu. Sunansa na yanka ba wanda ya riƙe. Mu ne cucanawan gidan, zuriyar bayin da aka haifa a ciki.

A wancan zamani bawa yakan yi aikin gandun ubangidansa, a yanka masa 'yar gona a gefe ya noma wa cikinsa. Ita ce gayauna. Tamu tana bakin rafi, da tsamiya a tsakiyarta. Bauta ta ƙare, gayauna ta zauna a hannunmu. Abu ɗaya ne bai ƙare ba: duk kaka sai a zaɓi damin dawa mafi kyau a kai babban gida gaisuwa. Nasamu ya kai, ɗansa ya kai, Inna ma ta kai, a ka, har ta tsufa.

Sani ya tsani damin nan. Ya taɓa tare ta a zaure ya sauke mata shi, ya ce, “Inna, nononki na sha. Wa ya kamata ya gaida wani a nan?” Ta ce, “Ɗora mini kayana, ja'iri. Ba a kaina za a ce gidan Nasamu ya rasa kunya ba.” Ya ɗora mata.

Shi ya kawo ni Kuala Lumpur bayan na fita takaba. Sana'arsa nemo wa yaran ƙasarmu gurbin karatu, ya ce kewar tuwo na neman kashe su. Ya kama mini ɗaki a unguwar Taman Melati, ya sayo tukwane. A gaban 'ya'yan manya yakan ce, “Ga yayata,” bai taɓa ƙara komai a kai ba. In ya zo tapau, wato a ƙulle masa ya tafi da shi, sai ya ɗaga murfin tukunya ya ce, “Yaya, yau ma kuka? Ko a gidan yari ana canji lah.” Bakinsa ya riga ya kama “lah” ɗin mutanen Maleshiya. In ce ƙofa a buɗe take, ga shagon mamak mai sayar da abinci can a ƙasa.

Da annoba ta shigo, mahaifin su Sani yana cikin dattawan da ta fara kwashewa a gida. An rufe hanya, Sani bai je ko ta'aziyya ba. Aka dakatar da rabon gado sai ya zo. Lokacin ɗalibai sun kulle a ɗakuna, tukwanena a kife. Wata rana ya kawo mini buhun shinkafa, ya tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ya ce in an zo rabo zai sa a saka bakin rafi a kasonsa, ya ba Inna a gaban shaidu, a gama. Na ce ya kira wansa Alhaji Garba yau ɗin nan ya faɗa. Ya ce ba a maganar ƙasa ta waya, a buɗe hanya tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya, na gaya masa. Ya yi dariya ya sauka.

A ƙarshe ta wayar aka yi rabon, bayan ya mutu. Hauwa ta jingina waya a kan tebur a gidansu na Wangsa Maju, ina gefenta. Alhaji Garba ya ce gayauna aro ce. Malamin rabo ya tambaya ko masu nomanta na kawo wani abu. Aka kira Inna. Ina kallonta a wayar, ta gyara mayafi, ta ɗaga kai, ta ce, “Ina kaiwa, Malam. Ban taɓa fashi ba, ko shekarar fari.” Ta zaci yabonta za a yi.

Malam ya ce mai kai dami ya yarda ke nan gona ba tasa ba ce. Na faɗi abin da Sani ya ce mini. Ya tambaya wa ya ji ban da ni. Babu. Ya ce ko da akwai, kason Sani ya zama na marayu, ba a kyauta da shi. Ba na zagin malamin, da abin da aka ajiye a gabansa ya yi aiki. Bakin rafi ya faɗa kason Alhaji Garba. Ya sayar wa masu buga bulo, suka sare tsamiyar.

Nakan tambayi kaina me Sani zai ce da ya ga yau. Jirage na tashi, ɗalibai sun dawo, tukwanena na tafasa. Inna kuwa tana ɗaki guda a gidan hayar ƙanena da muke ciki ɗaya. An ce kayan aro ba ya rufe katara. To, wannan aron mu muka sare shi, mu muka zuba masa taki, mu muka binne cibiyoyinmu a cikinsa. Ina jin haushin Sani har yau, ba zan ɓoye ba. Kira ɗaya ya rage masa.

Bai bar mana gona ba. Abin da ya bari 'ya'ya mata biyu ne, masu amsa mini Hausa da Malayanci. Goggo suke ce mini. Ba su san bacucane ba, ba su san wani gida na kai wa wani dami ba, don ubansu bai koya musu ba. Wannan kaɗai ne kason da ba a iya rabawa ba, kuma shi nake riƙe da shi.

Kakar da ta biyo bayan rabon, ƙanena ya kira ni. Wai Inna ta sa an sayo mata damin dawa a hannun wani manomi, ta ɗora a ka, ta kai babban gida. Na tambaye shi ko sun mayar mata. Ya ce sun karɓa, sun ce an gode.

Ranar na yi wa Sani kuka. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasar da ba tamu ba ta yi masa sauƙi.