Maharazu Sammani, Matuƙin da Aka Katse wa Karatu

Alhaji Baballe, manajan kamfanin jiragen feshi, kai ka kashe mini ɗa. Ni Zuliha uwarsa ban yi boko ba, sawa na yi aka rubuta, don kada gobe wani ya ce bai sani ba.

Haihuwa da karatu

A Bunkure aka haifi Maharazu, shekarar 1958, ɗan marigayi Malam Sammani manomin alkama. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kuma kammala sakandare, kamfaninku ya ɗauke shi a 1980, ya tura shi koyon tuƙin jirgi.

Aiki da iyali

A 1982 ya fara feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin Kura da Kadawa. Da ido yake tuƙi. Babbar hanyar ruwan da ta taso daga Tiga yake bi daga sama, ita ke kai shi, ita ke dawo da shi. A 1983 ya auri Ummulkhairi 'yar Madobi.

Karatun da bai ƙarasa ba

A 1986 aka tura shi koyon tuƙi da agogunan jirgi kaɗai, saboda ranar da ba a ganin ƙasa. Wata hula ake kifa masa ta tare masa waje. Ya shaida mini cewa cikin gajimare jikin mutum ƙarya yake masa, ya ji a daidai yake alhali ya karkace. Awa arba'in ake buƙata. Shida ya yi ka kira shi, wai tsuntsu na cin shinkafa, zai koma bayan girbi. An yi girbin shinkafa, an yi na alkama, bai koma ba.

Rasuwa

Safiyar Talata, 18 ga Agusta 1987, gajimare ya sauko har ƙasa. Maharazu ya ce ba zai ga hanyar ruwan ba. A gaban Dattijo makanike ka ce masa, "Kai ɗan gida ne, ko ido rufe ka san hanya." Ya tashi, jirgin ya faɗi da shi a gonar shinkafa tsakanin Kura da Bunkure. Bayan La'asar aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyu, Sa'adiya da Ibrahimu. Allah ya jiƙansa.

Takardar da kuka rubuta kan hatsarin ta ce kuskuren matuƙi ne, kuma ita marayun nan za su karanta in sun girma. Littafin da ake rubuta awoyin tuƙinsa yana cikin adakata, Dattijo yana raye. Ka zo gaban hukuma, Baballe, ka faɗa da bakinka wa ya hana shi ƙarasawa, a goge wannan takarda.