Rumfar da Malam Haladu Bai Ƙarasa Ba

Ina kasuwar Murshid Bazar a Dubai, a shagon wani mai kayan ɗinki, ina zaɓen zif, sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Mamman ne, dattijon da suke zaune gida ɗaya da Malam Haladu a unguwar Abu Hail. Bai ja gaisuwa ba. Ya ce, "Sani, sai haƙuri. Malam ya riga mu gidan gaskiya. Ya dawo daga sallar Azahar, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Shi ke nan." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, kuma na ji bakina ya faɗe ta daidai. Daga nan na juya na ce wa mai shago ya ba ni mai ruwan toka, ba baƙi ba. Ya naɗe mini, na karɓa, na fito. Har na kai bakin titi ina jiran wani abu ya motsa a cikina, bai motsa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Haladu tela ne, mutumin cikin birnin Kano. A gabansa na koyi riƙe almakashi, kuma shi ya yi mini hanya na biyo shi Dubai. Shekara da shekaru muna zaune a shago ɗaya a unguwar Satwa, kekensa a bakin ƙofa, nawa a ciki. Fatakenmu da ke zuwa saro kaya sun san shagon. Wasu ɗinki ke kawo su, wasu kuwa wurin zama kawai suke nema, su ji Hausa, su sha shayi kafin kwantenarsu ta tashi.

Duk wanda ya taɓa sa rigar da Malam ya ɗinka ya san abu ɗaya game da shi: ba ya yanka yadi cif-cif. Zai auna ka da kyau, ya ja alli, sannan ya ɗora tafin hannunsa a gefen layin ya yanka daga can. Ragowar sai ya kalmashe ta a ciki. In ka yi ƙorafi ya ce, "Ba a yi wa ɗan Adam ɗinki daidai jikinsa. Yau a rame kake, gobe Allah zai buɗa maka." Na sha yi masa tsiya cewa rabin mutanen unguwar Deira suna yawo cikin rigunan da suke jiran su yi ƙiba. Ba ya ko ɗagowa daga keke, sai dai ya ce, "Su jira, ba su yi asara ba."

Haka yake auna mutane ma. Ya dafa shinkafa, sai ta ishi wanda bai zo ba tukuna. Wani ya taɓa zaginsa a gaban shago a kan wuyan riga, zagin da ni da nake ciki sai da na miƙe. Malam ya riƙe mini hannu ya ce, "Bar masa tafin hannu, Sani. Ba ka san da me ya tashi ba." Bayan kwana biyu mutumin ya dawo ya zauna a benci kamar ba shi ba, Malam ya zuba masa shayi. Ni ban iya wannan ba, har yau kuwa.

Sai dai ba zan rubuta cewa bai taɓa kuskure ba, don shi kansa ba zai yarda ba. Aikinsa na ƙarshe kuskure ne.

Akwai wani abokinmu, Isuhu, mutumin Nijar, da ke tuƙa jirgin shaƙatawa. Irin jiragen nan ne masu shimfiɗaɗɗen daɓe a kan manyan bututu biyu, da kujeru kewaye, ana zagayawa da baƙi a kan ruwa. A samansa akwai rumfar tamfol da aka ɗora a kan ƙarafuna masu lanƙwasa kamar baka. Rana ta cinye tsohuwar rumfar, mai jirgin ya ce a yi sabuwa. Isuhu ya tsaya kai da fata cewa yana da telan da ya fi kowa, ya ɗauko tsohuwar ya kawo mana Satwa. Malam ya shimfiɗa ta, ya auna, ya ja alli a kan sabon tamfol. Sannan ya ɗora tafin hannunsa. Ina kallo, ni ma ban ga laifin hakan ba.

Ashe rumfar jirgi ba ta son yalwa. So take a yanka ta a ɗan matse, a ja ta da ƙarfi ta ɗame kamar fatar ganga. Tamu da aka ɗaura sai ta yi tumbi tsakanin ƙarafunan. Iska ta taso, ta riƙa kaɗawa tana marin kawunan fasinjoji. In an wanke jirgi ko raɓa ta sauka, ruwa ya taru a cikin tumbin. Wata safiya Isuhu ya karya kwana da jirgin, ruwan nan kaf ya juye a kan wata baƙuwa da ta ci ado don ɗaukar hoto.

Isuhu ya zo shago ransa a ɓace. "Malam, wallahi patron, mai jirgin nan, ya wanke ni tas a gaban mutane. Ya ce wannan ne gwanin naka?"

Malam ya daɗe yana kallon hoton rumfar a wayar Isuhu. Can ya ce, "Sani, zo ka gani. Na yi wa jirgi babbar riga." Muka yi dariya, har da Isuhu. Amma na san shi, abin ya taɓa shi. Ba sunansa ne ya dame shi ba, kunyar da ya jawo wa wanda ya tsaya masa ce. Ya ce, "Isuhu, ka ce wa maigidanka ya ƙara mini haƙuri. Da hannuna zan gyara ta, in sha Allahu. Na yi maka alkawari." Zif ɗin da nake saye ranar da aka kira ni, na wannan gyaran ne.

A gida, wanda ya rasu da Azahar, kafin Magariba an dawo daga maƙabarta. Nan ba haka ba ne. Baƙo in ya rasu sai an bi ofis-ofis, wannan ya sa hannu, wancan ya buga hatimi, shi kuwa mamaci yana kwance a ɗakin sanyi na asibiti. Alhaji Mamman ne ya ɗauki wannan zirga-zirgar. Mu kuma muka zauna a falon gidansu, babu tabarma a ƙofar gida, babu maƙwabta masu shigowa da kwanon abinci. Mutane suna zuwa bayan sun tashi aiki, su yi addu'a su tafi. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yalwata masa kabarinsa, na tuna tafin hannun nan nasa, na ji wata dariya ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta na ce amin. Ban da wannan, ba na jin komai. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwa kamar wanda aka aiko ya wakilci wani.

Kullum da safe maiɗakinsa, Hajiya Habi, takan kira ni daga Kano. Tambayarta ɗaya ce: "Sani, an kai shi?" In ce, "Tukuna, Hajiya." Muryarta a bushe take, ba kuka a ciki. Rannan bayan na ba ta amsa sai ta ce, "To ka ji. In akwai kayan mutane a hannunsa, ko wani abu da ya ce zai yi bai yi ba, ka sallami masu shi kafin a sa shi a ƙasa. Ka san halinsa. Kada a kai shi da nauyin kowa."

Rigunan da suka rage ba su da wuya, na ƙarasa su na miƙa wa masu su. Saura rumfa. Na kira Isuhu, ya ce, "Haba Sani, halas, ya wuce, a bar zancen nan. Ni na yafe. Patron ma ya ce a cire ta a yar, a kira masu aikin jirage su yi wata." Na ce ya roƙar mini arziki kada a cire. Yafewarsa daban, abin da Hajiya ta ɗora mini daban, kuma ba zan iya buɗe baki in ce mata aikin mijinta na ƙarshe yana cikin shara ba.

Na je wurin da jirgin ke ɗaure. Muka fara da ƙarafunan: muka ja maɗauran gaba da na baya har kowane baka ya tsaya inda ya kamata. Sannan Isuhu ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka ja tamfol ɗin iya ƙarfinmu, na bi kan kowane ƙarfe da alli. A ƙarƙashin rumfar akwai wuraren da ƙarafunan ke shiga, kamar gidan mazagi a ƙugun wando. Duk sun kauce wa layin allina, kowanne da kusan faɗin hannu. Muka kwance ta, na naɗe, na ɗauko ta zuwa Satwa.

Farke ɗinkin Malam ba ƙaramin aiki ba ne. Sau biyu yake bin kowane layi, kuma inda ya ƙare sai ya koma da baya ya ƙulle. Na zauna da reza ina tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya. Na ga inda zare ya ƙare masa ya sake wani, na ga inda allura ta ɗan kauce ya dawo da ita. Na ɗauka a nan ne kuka zai zo. Bai zo ba, yatsuna ne kawai suka yi ciwo. Kekena ba ya jan tamfol, dole na koma kan nasa. Na mayar da kowane gidan ƙarfe kan layin alli, na sa zif yadda za a iya cire ta ba sai an kwance ƙarafuna ba. Ragowar da ya bari a gefuna na sa almakashi na yanke. A iya zamana da shi ban taɓa yanke abin da ya bari ba sai ranar.

Washegari da hantsi muna kan jirgi muna mayar da rumfar, mun zuge zif ɗin gaba, na baya ya ƙi kaiwa, sai ga kiran Alhaji Mamman. "Takarda ta fito. Ana idar da Azahar za a yi masa salla a maƙabarta. Yalla, maza ku taho." Maƙabartar kuwa can wajen gari take. Isuhu ya saki tamfol ya ce mu tafi, mu dawo daga baya. Na tsaya da bakin zif a hannuna. In mun tafi, za a binne shi da alkawarin a wuyansa. In mun tsaya, ƙila in rasa sallar mutumin da ya raine ni. Ban yi wani dogon tunani ba, na ce, "Kama, Isuhu. Ja."

Muka sassauta maɗauran baya, ƙarfen ya ɗan matso, zif ya kama. Muka sake ɗaure su tamau. Rumfar ta miƙe sumul daga gaba har baya. Isuhu ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa a kai, ya gangare ta gefe bai tsaya ko'ina ba. Ya buga ta da yatsa, ta amsa. Ko hannu ba mu wanke ba muka ruga neman tasi.

Mun tarar an riga an ja sahu. Muka kutsa a na ƙarshe, alli a rigata, gishirin ruwa a ƙafar wandon Isuhu. Bayan salla, kafin a sa shi, Alhaji Mamman ya juyo ga 'yan mutanenmu da suka samu zuwa, ya yi tambayar da ake yi a gida: duk wanda ya san yana da wani haƙƙi a kan wannan bawan Allah, ya faɗa yanzu ko ya yafe. Sai Isuhu ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ni ya yi wa alkawari, Alhaji. An cika. Rumfa ta zauna." Wasu suka waiwayo ba su gane ba. Alhaji Mamman ya gyaɗa kai ya ce a sauke shi.

Da muka fito na kira Kano. Na ce, "Hajiya, an kai shi. Babu kayan kowa a hannunsa." Ta ce alhamdulillahi, kuma kukan da ta riƙe tun ranar farko ya ƙwace mata. Na tsaya a cikin rana da waya a kunne ina saurare, ban ce ta yi haƙuri ba. Nawa bai zo ba har yau da nake wannan rubutu, amma na ji daɗi da na ji nata.

Ya Allah, ga bawanka Haladu ya zo gare ka a ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka karɓe shi da sauƙin da ya yi wa bayinka. Ka ba Hajiya Habi da 'ya'yansa juriyar wannan rashi, ka zama gatansu, ka albarkaci abin da ya bari. Ka saka wa Alhaji Mamman da duk wanda ya taka ƙafa dominsa. Mu kuma da muke nan tukuna, in tamu ta zo, ka sa a samu wanda zai ƙarasa mana abin da muka bari a hannu. Amin.