Vasudha Tai, da rabin tafkin da ya rage

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga Maris, 'yarki Ketaki ta kira ni ta ce kin rasu. Tai muke ce miki, yayarmu duka, har waɗanda suka girme ki.

Shekara ashirin da shida kina shari'a da kamfanin da ke cike tafkin unguwarmu a birnin Pune na Indiya don ya yi benaye. Da muka fara mun haura ɗari biyu. Bara ku huɗu ne.

Ni na fi kowa yi miki dariya. Mu zo taro jini na tafasa, ki ce a zauna a ƙasa, a rufe ido, a ja numfashi minti goma. Na ce, "Tai, da numfashi za mu kori motar ƙasa?" Kika ce, "Sadanand, fushin shekara talatin kake cinyewa a wata uku. Gobe me za ka ci?"

Ranar da muka yi nasarar farko mun zo da ganguna da alewa, muka tarar kina rubuta wasiƙa ta gaba. Ranar da aka kayar da mu ma haka. Kin ce yoga ta koya miki aiki naki ne, sakamako ba naki ba. Ni da na karanta littattafan yoga fiye da ke na kawo hujja bakwai a kan kuskurenki, sannan na gaji na koma gida shekara tara.

Lauyan kamfanin ma kin koya masa yadda zai miƙe bayansa mai ciwo. Mun ce cin amana ne. Ya zo wurin ƙona gawarki, ya tsaya tsaf, ya fi mu kuka.

Rabin tafkin ya tafi. Ranar Litinin za a kira ƙarar ragowar, in ba wanda ya tsaya mata, za a kore ta. Ketaki ta ce, "Kawu, gwiwoyin sauran sun ƙi." Nawa ma ba su da kirki, amma na ce zan je. Sai da na ajiye waya na lura ban tambaye ta ko za mu ci ba.

Ubangiji ya ba ranki salama, ya yafe kurakuranki. Ketaki, da ke da dukan iyalinku na Karmarkar, ya ba ku haƙuri. Mu kuma ya ba mu ƙarfin Litinin ɗaya.