Majalisa Ta Zaɓa wa 'Yata Likitanci

"Duk abin da Hafsa ta zaɓa a jami'a, shi za ta karanta." Maigidana ne ya faɗa da bakinsa ranar da 'yarmu ta gama sakandare.

Ta zaɓi Faransanci, don tun tana ƙarama take tsintar kalmomi a bakin 'yan Damagaram masu zuwa kasuwar Maigatari. Jiya na tarar da ita tana kuka. Babanta ne ya kai ta shagon kwamfuta, ya sa an canza mata kwas zuwa likitanci.

Na ce, "Alhaji, yarinyar da ko kaza za a yanka sai ta shige ɗaki?"

Ya ce, "Za ta saba, Hajiya. A majalisa har an fara kirana Baban Dakta. In koma in ce musu me?"

Ashe makomar 'yata tana hannun masu shan shayi a bakin titin Gumel.

Na ba shi zuwa Juma'a ya gyara. In ya ƙi, ranar Asabar ni zan kai ta a gyara, shi kuma in yi masa rajistar jarrabawar shiga jami'a. Tunda Dakta yake so a gidan nan, ya karanta da kansa.

Iyaye mata, wane littafi zan fara saya masa?