Tabon Ƙaho a Ƙafar Hagu

Shekara uku na buga ƙwallon kwando a sakandare a Kazaure, na ƙara uku a kwaleji, ko targaɗe ban taɓa yi ba. Sai da wani kulob na Kano ya kira ni gwaji, saura mako biyu, na diro daga tsalle gwiwata ta hagu ta ce ƙas. Na koma gida Roni ina ɗingishi.

Inna ba ta nemi shawarata ba. Washegari da hantsi sai ga wanzamin unguwarmu da zabirarsa. Na ce, "Inna, don Allah a bari." Ta ce, "Mataccen jini ne, ɗan nan. Miƙe ƙafa." Wa ya isa ya ja da Inna? Ya kafa ƙaho huɗu, ya tsattsaga, ya zuƙe. Kumburin kuwa ya ragu.

A Kano na naɗe gwiwar da bandeji, na ja doguwar safa a kai. Kwana biyu ina gudu ina cije leɓe, ina jefa ƙwallo tana shiga. Koci ya dafa kafaɗata ya ce saura likita kawai, yana sa hannu na zama ɗan kulob.

Mu tara ne a kan benci a ƙofar likita. Ana shiga ana fitowa da murmushi, har aka zo kaina. Likitan dattijo ne mai tabarau. Ya gama auna ƙirjina, ya ce, "Cire safar nan."

"Ranka ya daɗe, ado ne kawai."

"Cire."

Na warware. Ga tabo huɗu a zagaye, tsagar ko gama warkewa ba ta yi ba.

"Ba a yi wa lafiyayyar gwiwa ƙaho, samari. Yaushe ka faɗi?"

Ya kama ƙwaurina ya murɗa kaɗan. Wallahi ban san lokacin da na yi ƙara ba. Ya ajiye biro bai sa hannu ba.

Har Roni ina tafasa a mota, ina shirya abin da zan faɗa wa Inna. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ƙafata ta fara kallo.

"Ƙahon ne ko?"

Tausayinta ya kama ni, na haɗiye duk abin da na shirya. Na ce, "A'a, Inna. Cewa suka yi tsawona bai kai ba."

Ta dube ni tun daga ƙasa har sama, ni da sai na sunkuya nake shiga ɗakinta, ta ce, "To."