Kaset Ɗin da Na Kasa Cikawa

Shekarar da soja suka miƙa mulki na sauka Agege ta Legas, saurayi mai koyon ɗinki, kaina cike da littattafan soyayya. A ɗakin da muke haya na fara lura da ɗan gwangwanin wani direba. Yakan ɗebi garin taba mai kanwa ya cusa a leɓe, ya lumshe ido kamar wanda ya tuna masoyiya. Ni da bege ya hana ni zama wuri ɗaya, na roƙe shi ya sam mini.

Akwai yarinyar da na baro a garinmu. Ba ta karanta boko, don haka duk wata nakan cika mata kaset da kalamai, gaba da baya, direbobin shanu su kai mata. Ta tsani taba, na kuwa rantse mata ban taɓa kusantar tabar ba. Bayan wata uku gyambo ya fito mini cikin leɓe, ya warke, wani ya fito a gefen harshe. Direban ya yi dariya, ya kira ni ƙanensa, ya ce ban san Legas ba, in danna garin a kan gyambon zai yi shiru. Yakan yi shirun, na minti goma. Cikin mintocin nan nake danna rikoda in yi magana da sauri, kafin zafin ya dawo.

Kaset ya koma gefe ɗaya, sannan rabin gefe. Ta aiko da nata tana tambaya ko wata 'yar Legas ce ta cinye sauran. Na saurara ina zagaye ɗaki, na kasa amsawa, don gaskiyar za ta tona rantsuwata. Wata mai kemis 'yar kudancin Kaduna ce ta haska bakina da tocila, ta kira ni ɗanta, ta ce abin da nake kira magani shi ke hana naman warkewa. Na daina da ƙyar, bakina ya lafa, amma wata biyar ban aika komai ba.

Mai karatu, gyambon da ke dawowa asibiti yake so, kada ka sa masa taba. Kuma kada kunya ta sa ka yi wa mai jiranka shiru.

Yarinyar da kanta ta zaɓi wani malamin firamare ta aura. Bayan shekaru mun haɗu a gidan suna, na gaya mata komai. Ta gyara goyonta, ta ce da na faɗa a lokacin, faɗa kawai za ta yi mini.