Kantar Inna ta koma Arkilla

Ranar da Baba ya shigo da kantar nan a kan kura, ni na fara taɓa ta. Ya je sayen shanu ne wani tsohon gidan gona da ke bayan gari, ya tarar magada sun sa kayan gidan a gwanjo, sai ya taya ta, aka sallama masa. Ta maɗaci ce, hawa-hawa, ƙasa da faɗi sama a tsuke, an yi wa ƙafafunta sassaƙa. Duk unguwarmu ta Ƙofar Marke ban ga mai irinta ba. Inna ta jere kwanukanta a kai, ni kuma na zama mai kula da ita. Kowace Juma'a sai na sauke jeren, na shafe katakon da man gyaɗa har ya yi sheƙi, sannan na mayar da kowane kwano mazauninsa. Ƙanwata, autar gidanmu, ba ta taɓa ɗaukar tsumma ba. Abin da ta iya shi ne ɓoye ƙashin tsire a hawan ƙasa.

Ni 'yar fari ce. Inna ba ta faɗin sunana, "waccan" take ce mini, kuma ba ta ba ni komai hannu da hannu. Da aurena ya zo, sai ta aiko gwaggona, ƙanwar Baba.

Gwaggo ta ce, "Innarku ta ce a tambaye ki, ko kina son kantag ga cikin jerenki?"

Zuciyata kamar ta fito don murna. Amma wace 'ya mai tarbiyya ce take cafke tayi tun karon farko? Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Gwaggo, a bar ma Inna abinta." Ina jira ta sake tambaya, ta matsa, in karɓa cikin kunya kamar yadda ake yi. Gwaggo kuwa tana da tukunya a wuta. Ta ce "To, madalla," ta saɓi gyalenta ta fita.

Da bikin auta ya zo, ba a aiko kowa ba. Ita da bakinta ta kwanta a cinyar Inna ta ce, "Inna, ni kantag ga nika so." Shi ke nan. Ina tsaye aka ɗora kantar a mota zuwa gidan mijinta a unguwar Arkilla. Na yi guɗa tare da mata, amma wallahi kishi ne ya cika mini ciki, ko fankasau ban iya ci ba.

Da a ce ta san darajarta ma, da da sauƙi. Mijinta ma'aikaci ne, ya cika falo da kabad na gilashi, sai aka tura kantar bakin ƙofa, ta zama ma'ajiyar takalma. Allah kan ba mai haƙori gwaba, ya ba marar haƙori aya.

Bara, ranar sunan ɗan ƙanwata, na iso na tarar da Inna zaune kusa da ƙofar. Auta ta ce, "Yaya, aza takalminki nan bisa." Na ajiye su a ƙasa. Katakon ya yi fari fat don bushewa, ban san lokacin da na sa gefen gyalena ina goge shi ba.

Inna ta kau da kai, ta ce wa auta, "Man gyaɗa taka so. Ki tambayi waccan, ita tas san hannunta."

Auta ta yi dariya ta ce, "Yaya, in kina sonta ki ɗauke mana, ni ta tsare min hanya."

Na ji idon mata a kaina, ga Inna zaune. Na ce, "A'a, bar abinki."

Na jira.

Ta ce, "To," ta juya ta tafi tarbar baƙi.